A Zo da Kaka: Lokacin Ziyarar Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Masu ba matafiya shawara amsa ɗaya gare su ga duk wanda ya tambayi lokacin da ya fi dacewa a ziyarci arewacin Najeriya: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin a watannin nan babu ruwa, zafi kuma ya yi sauƙi. Amsar ba ƙarya ba ce, sai dai an ɗinka ta ne daidai jikin baƙon da zai sauka a otal, ya ɗauki hoto, ya koma. Akasarin masu zuwa Gusau da Tsafe da Bunguɗu ba irin wannan baƙon ba ne. Masu zuwa gaida iyaye ne, da masu kai 'ya'yansu da aka haifa a Abuja ko Legas su ga tushensu, da masu zuwa ɗaurin aure ko ta'aziyya, da ma'aikatan lafiya da 'yan jarida irina waɗanda aiki ke kaiwa. Ga irin waɗannan, ma'aunin zafi shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an duba abin da ke cikin rumbun mai masauki, sai kuma an duba hanya, wadda shekarun nan suka mayar da ita abin lissafi ba da son ranmu ba.

A Gusau aka haife ni, a can na yi firamare da sakandare. Dangin mahaifiyata manoma ne a ƙasar Tsafe, ina kuma da abokan ƙuruciya a Bunguɗu da Kwatarkwashi. Tun da aiki ya raba ni da gida, da wuya shekara ta fita wani abokin aiki ko ɗan'uwa mazaunin waje bai tambaye ni yaushe ya kamata ya je ba. Amsata ta fi ta masu jagorar matafiya ƙunci: daga makon ƙarshe na Oktoba zuwa tsakiyar Disamba, bayan ruwa ya ɗauke, kafin ƙura ta kankama. Kimanin makonni 7 ke nan cikin 52.

Kafin dalilai, sai mai karatu ya san abin da ke juya shekararmu. Iska biyu ce ke rabon ta. Ɗaya tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Ɗayar tana gangarowa daga Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya ƙayau. Inda suka yi karo akwai wata iyaka wadda ba ta zama wuri ɗaya. Tana bin rana, ta yi ta hawa arewa har ta shiga hamada a watan Agusta, sannan ta juyo. Gusau tana wajejen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka iyakar nan takan ratsa ta sau biyu a shekara, da bazara tana hawa, a Oktoba tana saukowa. Ruwan kirki kuwa ba ya sauka sai iyakar ta wuce mu da nisa, iska mai laima ta yi kauri a samanmu. Wannan ne ya sa ake yin makonni a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu ana ganin gajimare, ana jiƙewa da gumi, amma ko ɗigo babu.

Wani abin da yakan ɗaure wa baƙo kai shi ne, laimar daga kudu maso yamma take zuwa, amma hadarin daga gabas yake tasowa, domin iskar da ke can sama yamma take nufa, ita ke tura hadari. Kowane magini ya san haka ba tare da ya karanta ba: bangon gabas na gidan ƙasa shi ya fi cin yaɓe. A yawancin shekaru ƙasar Gusau takan samu ruwa tsakanin milimita 800 da 1,000. Landan, wadda ake yi wa kallon garin ruwan sama, wajejen 600 take samu, amma nata a warwatse yake cikin watanni 12. Namu kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, Agusta kuma ya ɗauki kaso mafi tsoka.

Bature yakan raba wannan shekara gida biyu, lokacin ruwa da lokacin da babu. Bahaushe da ke zaune cikinta ya fi shi ido: yana da bazara, da damina wadda marka ke tsakiyarta, da agajeri, zafin nan mai gumi na ƙarshen damina, da kaka, da hunturu, da rani. Kuskuren shawarar "Nuwamba zuwa Fabrairu" shi ne ta zuba kaka da hunturu a buhu ɗaya, alhali banbancinsu a jiki da a rumbu ba ƙarami ba ne.

Bazara ba ta bukatar dogon bayani. Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwa, rana takan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, wani lokaci ta haura, kuma abin da ya fi wahalarwa shi ne dare ba ya huce wa mutum. Ginin siminti mai rufin kwano yakan yini yana shan rana, ya kwana yana amayar da ita a kan masu barci, sai ka ga gida duka an fito tsakar gida da tabarmi. Rijiyoyi sukan ja baya, kuɗin jarkar 'yan garuwa ya tashi, baƙo mai wanka sau uku a rana ya zama nauyi ko da ba a faɗa masa ba. Mangwaro ne kaɗai ke wanke wa bazara laifi. Manoma kan ce watan bakwai makarar rani, suna nufin watan bakwai na lissafinsu, wanda yakan faɗo wajejen Mayu. Kafin ya tsaya kuwa, kowa haƙuri yake yi. Zafin ma ƙara tsanani yake a yankin baki ɗaya: a farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5.

Akwai kuma sanƙarau. Zamfara tana cikin zirin ƙasashen da cutar ke addaba, daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta sananne ne. Busasshiyar iska da ƙura sukan raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki ya sauƙaƙa yaɗuwar ƙwayar, ta yi ƙamari a Maris da Afrilu, ruwan farko na sauka ta lafa. Annobar da ta ɓulla a Zamfara a ƙarshen 2016 ta kai ƙololuwa ne a bazarar 2017, ta ci rayuka fiye da 1,000 a ƙasa baki ɗaya, jiharmu kuma ita ta fi kowace jin jiki. A 2024 Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kariya daga nau'i biyar na ƙwayar. Wanda dole ta sa zai kai yara gida a wannan lokaci, ya fara tuntuɓar likita a kan rigakafi.

Dolen kuwa tana tafe, domin da yawanmu ba yanayi ke zaɓa mana ranar zuwa gida ba, Sallah ce. Shekarar wata ta gaza ta rana da kwana 11, don haka bukukuwanmu suna zagaya yanayi, su koma inda suka faro cikin kimanin shekara 33. Azumin 2024 ya kama ranar 11 ga Maris, na 2025 ranar 1 ga Maris, zuwa 2030 kuwa a farkon Janairu zai kama. Ƙaramar Sallah tana gudun zafi tana shiga sanyi ke nan. Babbar Sallah ita ce ke tafiya baya zuwa cikin wuta: a 2025 farkon Yuni ta faɗo, a 2030 tsakiyar Afrilu za ta faɗo. Wanda ya saba tara ziyararsa ta shekara a Babbar Sallah, ya kamata ya sake lissafi, musamman mai ƙananan yara ko mai hawan jini.

Da a ce kyan gani kaɗai ake tambaya, da damina na zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Wanda ya san ƙasar nan da rani kawai bai san ta ba. Mako biyu bayan ruwan shuka, ƙasar da ta yi fari fat takan yi tsanwa shar, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika gari, yara su kewaye fitila da daddare suna kamun shinge. Dutsen Kwatarkwashi, wanda matafiyi daga Funtuwa ke hangowa kafin ya shiga Gusau, yakan yi baƙi yana sheƙi bayan ruwa, gindinsa lulluɓe da ganye, gajimare na shafar kansa. Duwatsun da ke kewayen Tsafe ma haka. Gulbin Sakkwato, wanda ya taso daga wajejen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu ya nufi madatsar Bakolori, da rani yawancinsa rairayi ne da 'yan tafkuna, amma a Agusta yakan cika ya batse, jajawur, yana jan itatuwa. Nono yakan yi yawa ya yi araha, zogale da rama da tafasa su wadata, masara ta fara hawa kan garwashi a bakin titi. Idan marka ta zauna, a yi kwana biyu ko uku ana yayyafi ba a ga rana ba, har bargo ake nema a watan da a zaton baƙo zafi ake yi.

Sai dai kyan gona a Agusta ba ya cika tukunya. Wannan shi ne lokacin da hatsin bara ya ƙare ko ya kusa, na bana bai nuna ba, farashi a kasuwa ya kai maƙurarsa, ɗan abin da ke hannu kuma ya tafi ga taki da 'yan ƙwadago. Magidanci yakan fita gona da asuba, ba ya dawowa sai azahar ta gota, a gajiye liƙis. Mu kuwa da muka taso a kan baƙonka annabinka, babu gidan da zai ce wa baƙo ya koma. Za a yanka masa kazar da aka ajiye don wata lalura, a ci bashin shinkafa, a yi masa fara'a. Wani kawuna a ƙasar Tsafe, mutumin da ba ya ɓoye magana, ya taɓa ce mini a waya da na ce zan leƙo su a watan Agusta: "Ɗana, in don mu za ka tahowa, bari sai an yanke gero. Yanzu ko ka taho, baki na yi maka maraba, ciki na ƙidayar tiya." Mazauna birni masu albashi sukan manta cewa a ƙauye wata ba ya ƙarewa da biyan kuɗi, sau ɗaya ake biyan manomi a shekara. Wanda zai je da damina, ya je da buhu a bayan mota, kada ya daɗe.

Sauro ma lokacinsa ke nan. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi tsanani daga Agusta zuwa Oktoba, shi ya sa ake bin gida gida a jihohin arewa, har da Zamfara, ana ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya wata wata a tsawon damina, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa tun 2012. Yaron da ya taso a Ingila ko Amurka jikinsa bai san wannan zazzaɓi ba ko kaɗan, kuma zai iya kayar da shi cikin kwana biyu. Na ga iyayen da suka zo hutun Agusta da murna suka ƙare shi a gefen gadon asibiti.

Daga nan sai maganar da ba a rubutawa a jagorar matafiya. Shekara fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna cin karensu babu babbaka a dazuzzukan Zamfara, kuma damina tana yi musu rana. Dawa da masara sukan fi mutum tsawo har bakin kwalta, ciyawa da ganye su rufe daji, mai laɓewa ya ga mota tun daga nesa, mai mota bai gan shi ba. Hanyoyin ƙauye sukan zama taɓo, ƙoramu su cika, manyan motocin jami'an tsaro su kasa shiga inda babur ke ratsawa. Titin da ya taso daga Funtuwa ya bi ta 'Yankara da Wanzamai da Kucheri da Magazu ya shiga Tsafe, direbobi sun fi ɗar-ɗar da shi idan amfanin gona ya tashi. A watan Satumban 2021 ne al'amari ya kai har aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako. A Satumban 2023 ne kuma aka kwashe ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, akasarinsu mata, daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, a bakin birnin jihar. Kada wannan ya sa a ɗauka rani aminci ne: 'yan matan makarantar Jangebe a watan Fabrairun 2021 aka ɗauke su, lokacin da daji yake fayau. Abin da kawai za a iya cewa shi ne, idan an yi girbi an kwantar da kara, direba yana ganin gabansa da gefensa.

To, me ke cikin kaka? Da farko, jiki yana hutawa. Agajeri yakan wuce da gumin da yake zuwa da shi, laima ta janye, rana ta tsaya wajejen digiri 33 zuwa 35 amma ba ta manne wa fata, dare kuma ya sauka ƙasa da 20, a yi barci babu fanka. Sama takan yi shuɗi garau, ƙura ba ta iso ba tukuna, ana hango Dutsen Kwatarkwashi daga nesa kamar an wanke shi. Sauro yana ja da baya, ko da yake gidan sauro bai zama abin ajiyewa ba. Gulbi bai ƙafe ba, rijiyoyi cike suke, ganye bai gama zuba ba.

Na biyu, kuma shi ne babba a wurina, mutane suna da abin hannu da lokaci. An yanke gero tun Satumba, an cire gyaɗa, ana roron wake, dawa tana sunkuyar da kai tana jiran Nuwamba da Disamba, auduga ta fashe fari fat. Dammuna suna shigowa gari a kan amalanke da babura. Hatsi yakan yi arahar da ba zai sake yi ba sai baɗi. Furar sabon gero daban take, haka hoce na sabuwar dawa, wanda duk Bazamfaren da ke zaune a waje yake mafarkinsa, ga rake da dankali da dafaffiyar gyaɗa. Auren da aka ɗage tun bazara yanzu ake ɗaura shi, bashin damina yanzu ake biya, dambe da kokawa tun asali wasannin bayan girbi ne. Samari ba su tafi cin rani ba tukuna, saboda haka wanda ya je gida zai tarar da gidan cike. Baƙo a wannan lokaci ba ya rage wa kowa komai. Shi ma za a ɗora masa ƙunshin wake da gyaɗa ya koma da shi, kuma mai bayarwar da zuciya ɗaya ya bayar. Hirar dare a ƙofar gida ma ta fi tsawo, domin ba wanda zai yi sammakon noma.

Kaka ce ta gina Gusau ta zamani. Garin da Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu, ya kafa, ya bunƙasa ne bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa shi zuwa Ƙauran Namoda a ƙarshen shekarun 1920. Auduga da gyaɗar da ake kawowa bayan girbi su suka jawo kamfanonin saye, da injin gurzar auduga, da masaƙar Zamfara a shekarun 1960, da Yarabawa da Ibo da Kwarori da suka zauna suka hayayyafa. Tsofaffin ƙasar Katsina suna kiran yunwar farkon shekarun 1940 da suna 'Yar Gusau, saboda Gusau aka riƙa dosa neman hatsi. Da aka ƙirƙiro jihar ranar 1 ga Oktoban 1996, taken da ta ɗauka ma alfahari da noma ne. Masaƙar ta daɗe da yin shiru, jirgin ƙasa ya zama labari, amma har yau wanda yake son ya ga abin da ke riƙe da jihar nan, kasuwar hatsi zai shiga a watan Nuwamba.

Ba zan yi wa kaka ado in ɓoye tabonta ba. Inda dukiya ta taru nan ido yake, kuma 'yan bindiga sun san lissafin manomi kamar yadda ya san shi. A ƙauyuka da dama na ƙasar Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan jihar, sukan ɗora wa gari haraji kafin a yi shuka, su sake ɗora wani kafin a yi girbi, wani wuri ma su tilasta wa mutane yi musu aiki a gonakin da suka ƙwace. Garin da ya kasa biya yana kallon dawarsa ta bushe a tsaye. Wanda yake son ya gane yadda noma ya zama abin garkuwa, ya tuna abin da ya faru a watan Yulin 2022, tsakiyar damina, lokacin da masarautar 'Yandoton Daji ta naɗa Ado Aleru, ɗaya daga manyan jagororin 'yan bindigar yankin, sarautar Sarkin Fulani, da hujjar neman zaman lafiya don manoma su samu shiga gona. Ƙasa ta ɗauka, gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin. Wannan fa 'Yandoto ce, garin malamai da ya yi suna wajen karatu tun kafin jihadi. Ina ganin naɗin kuskure ne babba, amma duk wanda ya zauna da manomin da ya yi shekara biyu bai taka gonarsa ba zai fahimci irin matsin da ke haifar da irin wannan shawara.

Saboda haka albarkar kaka ba ta kai ko'ina daidai ba. A cikin Gusau da manyan garuruwan bakin titi za a gan ta. A ƙauyen da ke nesa da kwalta wataƙila rabinta aka samu, wataƙila mutanen ma suna gudun hijira a cikin birni. Baƙo ya yi tafiyarsa shiru. Doguwar mota mai sheƙi, da rabon kuɗi a bainar jama'a, da sanya hoto a Facebook tun ana can, duk gayyato ido ne, domin masu kai labari daji, waɗanda ake kira infoma, cikin mutane suke zaune. Baƙo raɓa ne, gobe zai tafi. Mai masaukin da aka ga manya sun sauka a gidansa shi za a bari da abin da ya biyo baya.

Daga tsakiyar Disamba hunturu yakan karɓi gari. Mafi yawan ƙurar da muke shaƙa daga Kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki inda iska ke matsewa tsakanin tsaunukan Tibesti da Ennedi ta kwashi gari mai laushi kamar toka. Wani ɓangarensa har Kudancin Amurka yake kaiwa, ya sauka a dajin Amazon. Namu kason kan iso cikin 'yan kwanaki. Idan hazo ya sauka sosai, rana takan zama farin faifai da ake iya kallo da ido, Dutsen Kwatarkwashi ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba, jiragen sama su kasa sauka a Kano da Sakkwato da Kaduna. Da asuba sanyi yakan sauko wajejen digiri 13 zuwa 15, wanda mazaunin Turai zai yi wa dariya har sai ya yi alwala da ruwan randa a gidan da ba a gina shi don sanyi ba. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, mai asma ya kwana zaune, gobara ta yawaita saboda komai a bushe yake kuma ana jin ɗumi a ɗaka. A ƙauye kuma samari sun watse cin rani, an bar tsofaffi da mata da yara.

Ina da abokan da hunturu ne lokacinsu, kuma ba na ganin laifinsu. Shayin asuba a bakin tasha, da soyayyiyar fara, da fadamun bakin gulbi a Bunguɗu da suka yi kore da albasa da tumatir a tsakiyar ƙasa mai ruwan toka, duk abin so ne. Masu yara 'yan makaranta ma sau da yawa hutun Disamba kaɗai gare su. Su sai in ce su taho da zarar an ba da hutu, kada su jira Janairu, su riƙo man shafawa da rigunan sanyi da maganin mai ciwon ƙirji. Ƙura ba ta da ranar zuwa tsayayya, wata shekara tun Nuwamba take leƙowa, wata kuma sai an shiga sabuwar shekara. Sanarwar hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, takan taimaka kwana biyu ko uku kafin tafiya.

A halin da ake ciki, zaɓen sa'a ya kusa fin zaɓen wata muhimmanci. Ba a bin titin Funtuwa zuwa Gusau da duku-duku, ba a kuma bin sa da almuru. Direbobin haya sukan jira rana ta ɗaga, motoci sun fara kai da kawowa, su kuma tabbata sun shiga gari kafin la'asar ta yi sanyi. A 2024 gwamnatin jihar ta hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe a kan iyakokinta da Katsina da Sakkwato, wanda ya makara sai ya kwana a bakin shinge. Irin waɗannan dokoki sukan canza, labarin hanya kuma na jiya ba ya yi wa yau aiki, don haka a tambayi direbobin tasha da safiyar tafiya, a kuma kira mai masauki. Idan ya ce a dakata, a dakata, ko da an riga an sayi tsaraba. Idan ya ce a tsaya Gusau shi zai shigo a gaisa, kada a yi masa gardamar cewa sai an taka ƙofar gida. Kimanin kilomita 20 ne tsakanin Gusau da Bunguɗu, amma shi ya san wace rana ce gajeriyar tafiya take da tsawo.

Na san mutane da yawa, masu ilimi da abin hannu, waɗanda suka yi shekara biyar ko shida suna cewa sai hanya ta yi kyau. Suna aika kuɗi, suna kiran waya, 'ya'yansu sun san kakanninsu a fuskar waya kawai. Ba na zargin kowa da tsoro, tsoron yana da dalili, kuma akwai garuruwan da ni ma ba zan ce wa kowa ya je ba a yanzu. Amma daga cikinsu akwai waɗanda a ƙarshe suka bi hanyar nan ba shiri, a tsakiyar marka ko a zafin Afrilu, wani ma da yamma, saboda an kira su an ce tsohuwa ta cika. Tafiyar da aka zaɓa mata wata da rana da sa'a ta fi wannan sauƙin hatsari nesa ba kusa ba. Ni dai bana na ajiye mako na biyu na Nuwamba. Kawu ya ce zuwa lokacin an gama roron wake, dawa kuma ta kusa yanka. Ko zan wuce Tsafe ko shi zai same ni a Gusau, sai na kira shi daren da zan taso.